Kunkuru Mai Cizo na Amurka ta Arewa: Ɗabi'unsa da Matsalar Ciyar da 'Ya'yansa

Tsakure

Maƙalar ta dubi kunkurun ruwa mai cizo na Amurka ta Arewa, wanda masana kimiyyar halittu ke kira Chelydra serpentina, ta fuska biyu: ɗabi'unsa, da yadda 'ya'yansa ke samun abinci a daji da kuma a hannun mutane. An dogara ne da nazarce-nazarcen da aka yi a Amurka da Kanada tsakanin 1943 da 2018. An nuna cewa uwa ba ta ciyar da 'ya'yanta ko kaɗan, kuma abincin farko da ɗan kunkuru ya ci yana da tasiri a kan abin da zai riƙa zaɓa daga baya. An kuma nuna cewa renon 'ya'ya a hannu, komai kyansa, ba ya cike gurbin manyan mata da ake rasawa.

1.0 Gabatarwa



Dabbar da zan yi magana a kanta ba ta ƙasarmu ba ce. Mazauninta ya taso daga kudu maso gabashin Kanada har zuwa Fulorida, ta yamma kuma ya kai gindin duwatsun Roki. Linnaeus ne ya sa ta cikin rajistar kimiyya a 1758. Tana zaune a tafkuna da fadamu da koguna masu tafiyar sannu, musamman inda ƙasan ruwa ke da laka da ciyayi. Babba kan kai kilo 5 zuwa 16, ƙoƙon bayansa kuma yakan doshi santimita 50 a mafi girmansu. Yana da ɗan'uwa a dangi ɗaya, Macrochelys temminckii, na kogunan kudu maso gabashin Amurka, wanda namijinsa kan haura kilo 70.

Na zaɓi wannan kunkuru ne domin kaɗan ne cikin dabbobi masu jan ciki aka bi diddiginsu shekara da shekaru kamarsa. A gandun dajin Algonquin da ke Ontariyo, tun 1972 ake kama waɗannan kunkuraye, a yi musu alama, a sake su, a sake kama su, aikin da Ronald Brooks na Jami'ar Guelph ya daɗe yana jagoranta. A Mishigan ma Justin Congdon da abokan aikinsa sun yi irin wannan a gandun E. S. George. Dabbar da ke iya fin mai nazarinta tsawon rai ba a saninta a bincike na damina ɗaya, shi ya sa sakamakon waɗannan wurare biyu ke da nauyi a wurina.

2.0 Faɗan da ba faɗa ba

Sunan da ya yi shi ne cizo, kuma a kan tudu ya cancanci sunan. Idan mutum ya tare shi a hanya, ba ya shigar da kai. Yakan miƙe ƙafafun baya, ya juyo yana fuskantar mai zuwa, ya wage baki yana huci, ya saki wani wari daga gefen jikinsa. In aka ƙara matsowa sai ya harbo wuyansa, wanda ke da tsawon da zai kai tsakiyar bayansa. Bakin ba shi da haƙori, amma gefensa na da kaifi, ƙarshensa kuma a lanƙwashe yake, yana iya yi wa yatsa mummunan rauni.

Dalilin wannan hali yana ƙarƙashin cikinsa. Duk wanda ya kifar da shi zai ga ƙoƙon ciki ɗan ƙarami ne, siffar gicciye, ya bar cinyoyi da wuya da gindin wutsiya a fili. Kunkurun da muka sani a gida yana shigewa cikin ƙoƙonsa ya jira haɗari ya wuce. Wannan ba shi da wurin shiga. Ƙaramin ƙoƙon ya ba ƙafafunsa sararin tafiya a ƙasan ruwa, amma ya hana shi maɓoya a kan tudu, sai ya zamana bakinsa ne kaɗai garkuwarsa.

A cikin ruwa kuwa wata dabba ce dabam. Idan mai iyo ko mai su ya kusanto, yawanci sulalewa yake yi, ko ya nutse cikin laka. A nan yana da hanyar gudu, saboda haka ba ya bukatar faɗa. Na tsaya a kan wannan ne domin kusan duk haɗuwar mutum da wannan kunkuru a kan tudu take faruwa, kuma yawancin waɗanda ake haɗuwa da su a watan Yuni mata ne masu ɗauke da ƙwai, sun fito neman wurin gina. Ke nan mutane sun yanke wa jinsin hukunci ne da halin da uwa ke nunawa a lokacin da ta fi kowane lokaci rauni. Ana kashe su da gangan saboda wannan suna, ana take su da mota, wasu masu kyakkyawar niyya ma suna ɗaga su ta wutsiya don su tsallakar da su titi, alhali hakan na iya lahanta ƙashin bayansu.

Da hunturu yakan kwanta a ƙasan ruwa, ƙanƙara ta rufe samansa, ya yi watanni bai leƙo ya shaƙi iska ba. Sanyi na rage aikin jikinsa ƙwarai, ɗan iskar da yake bukata kuma yana samunta daga ruwan ta fatar cikin baki da maƙogwaro. Za mu dawo kan wannan kwanciya, don a cikinta ne wani babban abu ya faru a Algonquin.

3.0 Abin da babba ke ci

An daɗe ana zarginsa da cinye kifin masunta da 'ya'yan agwagin daji. A 1943 aka buga nazari biyu da suka duba abin da ke cikin tumbinsa kai tsaye, na Karl Lagler a Mishigan da na Maurice Alexander a Konetikat. Abin da Alexander ya samu ya saɓa wa zato: fiye da kashi ɗaya bisa uku na abincin tsirran ruwa ne. Sauran kifi ne, galibi masu tafiyar sannu, da dangin ƙaguwa, da ƙwari, da kwaɗi, da mushe. Yakan kama ɗan agwagwa in ya samu, amma wannan ɗan ƙaramin kaso ne.

Farautarsa ta kwanton ɓauna ce. Yana lafewa cikin laka a ruwa marar zurfi, gansakuka ta rufe bayansa, idanu da hanci kaɗai ke waje. Ɗan'uwansa Macrochelys ya fi shi dabara. Yana kwanciya da baki a buɗe, a kan harshensa akwai wata 'yar tsoka ja mai kama da tsutsa, yana motsa ta har kifi ya shigo da kansa.

4.0 Daga ƙwai zuwa ruwa

Tsakanin ƙarshen Mayu da ƙarshen Yuni mace ke barin ruwa. Tana neman ƙasa mai yashi ko tsakuwa wadda rana ke duka, shi ya sa gefen titi da bakin madatsar ruwa ke janta. Da ƙafafun baya take gini, ɗaya bayan ɗaya, ba ta ko waiwayawa ta ga ramin. Sai ta zuba ƙwai farare, kewayayyu, kowanne faɗinsa kusan santimita 3, yawanci 20 zuwa 40, wani lokaci fiye da haka nesa. Tana gyara musu zama da ƙafa yayin da suke faɗawa, ta tura ƙasa ta rufe, ta daddanne, ta koma ruwa. Daga nan ba ta sake dawowa.

Wannan shi ne iyakar hidimarta, kuma a nan ya kamata a gyara fahimtar da kalmar ciyarwa ke ɗauke da ita. Ba ta kwanci, ba ta gadi, ba ta kawo abinci. Duk abin da za ta ba ɗanta ta riga ta zuba shi cikin gwaiduwar ƙwai, sai kuma zaɓin wurin da ta yi. Zaɓin nan ba ƙaramin gado ba ne, domin zafin ƙasa ne ke yanke ko ɗan zai zama namiji ko mace. Yntema ya nuna haka a 1976: ƙwan da aka ajiye a digiri 20 ko 30 na ma'aunin Salshiyas mata suka ba da, waɗanda aka ajiye a tsakani, wajen digiri 24 zuwa 26, galibinsu maza. Inuwar bishiya ɗaya na iya canza jinsin 'ya'yan rami guda.

Mafi yawan ramukan ba sa kai labari. Dabbar rakun da dangin dila da na bodari suna tone su, sau da yawa a daren farko ko na biyu. A gandun E. S. George, Congdon da abokansa (1994) sun samu cewa matsakaicin ramukan da ke tsira kashi 23 ne cikin 100, akwai ma shekarun da ko ɗaya bai tsira ba.

Wanda ya tsira, bayan wata biyu zuwa huɗu, gwargwadon zafin shekarar, ɗan zai fasa ɓawo da wani ɗan tsini da ke kan hancinsa, wanda ke faɗuwa bayan 'yan kwanaki. Tsawon ƙoƙonsa bai fi santimita 3 ba, baƙi ne, gargaje, mai laushi, wutsiyarsa ta kai tsawon jikinsa. A tsakiyar cikinsa akwai ragowar gwaiduwa a maƙale, rawaya. Da ita yake rayuwa a kwanakin farko har ta shige ciki ta ƙare. 'Ya'yan kan haƙo ƙasa su fito, kowa ya nufi ruwa, hankaki da zalɓe da maciji na jira a hanya, manyan kifaye da manyan kwaɗi na jira a ciki. Wanda ya isa yakan zauna a gefen ruwa inda ciyayi suka yi yawa, yana cin tsutsotsin ƙwari da katantanwa ƙanana da 'ya'yan kwaɗi da 'ya'yan kifi. A wannan mataki ya fi karkata ga nama, cin tsirrai na ƙaruwa ne yayin da yake girma. Babu wanda ya koya masa farauta.

5.0 Loma ta farko

Babu mai koya masa, amma yana koyo. A 1966 Gordon Burghardt da Eckhard Hess na Jami'ar Shikago suka buga wani ɗan gajeren gwaji a mujallar Science. Sun ɗauki sabbin ƙyanƙyasa 20, suka raba su gida uku, wani gida aka ba shi nama, wani kifi, wani tana. Bayan ciyarwa ta kwana 12 aka ba su zaɓi, 16 daga cikin 20 suka zaɓi wanda suka saba da shi. Wannan ba abin mamaki ba ne. Sai aka canza wa kowane gida abinci, aka yi wasu kwana 12, aka sake gwadawa. A nan ma 16 suka koma wa abincinsu na farko, ba na baya-bayan nan ba. A shekarar da ta biyo baya Burghardt ya nuna cewa ko ci ɗaya tak na farko na iya barin irin wannan tasiri.

Adadin da aka gwada kaɗan ne, kuma gwajin ya auna makonnin farko ne kawai. Duk da haka saƙonsa a fili yake ga duk mai riƙe da ɗan kunkuru a hannu. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma a wannan dabba ɗanyancin bai wuce 'yan kwanaki ba. A daji wannan hali na da amfani, domin abin da ɗan ya fara kamawa shi ne, a mafi yawan lokuta, abin da ya fi yawa a wurin da yake. A hannun mutum kuwa yana iya zama tarko. Wanda aka fara da yankakken naman shanu zai iya nace wa naman, kuma tsokar nama zalla ita ce abincin da ya fi cutar da shi.

6.0 Idan mutum ne mai ciyarwa

Iri uku ne ke renon waɗannan 'ya'ya: cibiyoyin ceton namun daji da ke ciro ƙwai daga cikin matan da mota ta take, masu kiwo don sayarwa, da masu ajiyewa a gida don sha'awa. Dukkansu matsala ɗaya suke fuskanta.

Ƙoƙon kunkuru ƙashi ne mai rai, haƙarƙari da ƙashin baya ne suka haɗe suka zama shi. Ɗan da ke ninka girmansa yana bukatar kalsiyam mai yawa. Tsokar nama tana da fosfaras da yawa, kalsiyam kuma kaɗan ƙwarai, saboda haka wanda aka dame shi da ita jikinsa zai riƙa zarar kalsiyam daga ƙashinsa. Ƙoƙo ya yi laushi ya karkace, muƙamuƙi ya raunana, ƙafafu su kasa ɗaukarsa. Abin takaici shi ne irin wannan ɗan yana ci sosai yana ƙiba, mai shi yana murna, har sai lahanin ya bayyana, a lokacin kuma ƙoƙon da ya karkace ba ya komawa daidai. A daji ba ya gamuwa da wannan, don yana haɗiye abin da ya kama ne gaba ɗaya, da ƙashi da ɓawo da kayan ciki. Wannan shi ne abin koyi: ƙaramin kifi sukutum, tana, katantanwa da ɓawonta, ƙwari, tare da abincin kunkuru na kamfani da aka haɗa da sinadaran da ake bukata, da ɗan ganyen ruwa a gefe. A kuma fara da cakuɗe tun ranar farko, saboda abin da Burghardt da Hess suka gano.

Akwai wasu ƙananan abubuwa da ke kashe 'ya'ya a ɓoye. Kalsiyam ba ya shiga jiki sai da bitamin D3, wanda fata ke samarwa a hasken rana. Hasken da ya ratso gilashin taga ba ya wannan aiki. Rashin bitamin A na kumbura idanu har su rufe, ɗan da ba ya gani kuwa ba ya ci. Jan kifin ado da ake sayarwa da arha don ciyarwa yana ɗauke da sinadarin da ke lalata bitamin B1, bai kamata ya zama abincin kullum ba. Kada a matsa wa sabon ƙyanƙyasa da abinci muddin gwaiduwar cikinsa ba ta shige ba. A cikin ruwa ake ba shi, don a nan yake haɗiya, kuma zurfin ruwan kada ya wuce inda zai miƙa wuya ya shaƙi iska yana tsaye a ƙasa, domin ba gwanin iyo ba ne, yana iya nutsewa. Ruwa mai sanyi na hana shi ci da narkarwa. In an tara su a wuri ɗaya sukan ciji wutsiya da yatsun juna, musamman lokacin ci.

Lafiyar mai renon ma abin dubawa ce. Kunkuru na ɗauke da ƙwayar cutar Salmonella ba tare da ta dame shi ba. Saboda yawan yaran da suka kamu ne hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta hana sayar da kunkurun da ƙoƙonsa bai kai inci 4 ba, tun 1975.

Ga masu ajiyewa don sha'awa kuwa, ra'ayina shi ne su bari. Ɗan da ya zauna a tafin hannu bana, nan da 'yan shekaru zai fi ƙarfin kowane mazubi na cikin ɗaki, kuma zai rayu shekaru da dama. Idan ya gagara sai a kai shi tafki mafi kusa a sake. Ta haka ya zauna a yankin tafkin Inba na lardin Chiba a Japan, har ƙasar ta sa shi cikin jerin baƙin dabbobi masu ɓarna a 2005, tana kashe kuɗi wajen kama shi.

7.0 Iyakar amfanin reno

Tambayar da ta fi muhimmanci ita ce: idan an iya ciyarwar daidai, an saki 'ya'ya masu lafiya da yawa, an ceci jinsin ke nan? Lissafin rayuwarsa ya ce a'a.

A Mishigan mace kan fara ƙwai tana da shekara 11 zuwa 16, a Ontariyo sai ta kai 15 zuwa 20. Daga nan takan yi gini sau ɗaya a shekara, na tsawon gomman shekaru, kuma bayanan Algonquin sun nuna wasu na iya haura shekara 100. Tsarin rayuwar ya ginu ne a kan asarar ƙwai da 'ya'ya masu yawa, muddin babbar mace ba ta mutuwa da wuri. Congdon da abokansa sun lissafta cewa ƙarin kashi 10 cikin 100 a mutuwar manya duk shekara zai rage yawansu da rabi cikin ƙasa da shekara 20.

Algonquin ta nuna hakan a zahiri. A hunturun shekarun 1986 zuwa 1989 karnukan ruwa suka gano inda kunkurayen wani tafki ke kwance ƙarƙashin ƙanƙara, sanyi ya hana su motsi balle cizo, suka riƙa cinye su. Fiye da rabin manyan suka tafi. Wurin gandu ne mai kariya, babu mafarauci, abinci ya wadata ga waɗanda suka rage. Duk da haka, da Keevil da Brooks da Litzgus suka sake duba bayanan a 2018, sun tarar bayan shekara 23 yawansu bai farfaɗo ba. Ragowar matan ba su ƙara ƙwai ba, 'ya'ya ba su yi saurin balaga ba. Asarar hunturu uku ta gagari fiye da shekara ashirin.

Irin wannan damuwa ce ta sa Kanada ta sa shi cikin dabbobin da ake damuwa da makomarsu a 2008, Ontariyo ta hana farautarsa a 2017, taron yarjejeniyar CITES da aka yi a Panama a 2022 kuma ya sa cinikinsa tsakanin ƙasashe ƙarƙashin lasisi. Ba na raina aikin cibiyoyin reno. Ƙwan da aka ciro daga cikin uwar da mota ta kashe, aka ƙyanƙyashe, aka saki a tafkinta, alheri ne. Amma shingen da zai hana uwar hawa titi, da kwalbatin da za ta bi ta ƙarƙashi, sun fi ɗaruruwan 'ya'yan reno amfani, domin kowane ɗa sai ya tsallake fiye da shekara goma kafin ya yi ƙwai na farko, ita kuwa ta riga ta tsallake.

8.0 Kira ga masu nazari a gida

Kunkuru mai cizo ba ya cikin ruwanmu, kuma bai kamata a bari a shigo da shi ba. Sai dai muna da namu masu irin wannan tsarin rayuwa, na jinkirin balaga da tsawon rai. Akwai kififiyar koguna da fadamu da masunta ke kamawa, ciki har da Cyclanorbis elegans, wadda ƙungiyar IUCN ta sa a matakin dab da ƙarewa. Akwai babban kunkurun Sahel, Centrochelys sulcata, da ake ɗebowa daga daji a ajiye a gidaje, wanda shi ciyawa ce abincinsa, ba ragowar tuwo da nama ba. Waɗanda ake kamawa a kai kasuwa su ne manya, kuma su ne waɗanda asararsu ta fi wuyar cikewa.

Ina kira ga sassan nazarin halittu na jami'o'inmu da su zaɓi wuri ɗaya, a fadamar Haɗeja da Nguru ko a bakin kogin Binuwai, su fara yi wa kififiya alama suna ajiye bayanai duk shekara, tare da masuntan wurin da suka san inda take gini. Kayan aikin ba su wuce ma'auni da zarto da littafi ba. Abin da ake bukata shi ne sashen da zai yarda ya riƙe aikin bayan wanda ya fara shi ya yi ritaya.